Sarkin Hange da Ƙarfen da Ya Ƙi Zama

Da sunan Allah, wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya rataye wata ba igiya ba ƙusa. Bayan haka, ya ku ma'abota hankali, masu son sanin abin da ya gudana a zamanin da, wato Sallar da ta wuce, ku karkato kunnuwanku ku ji tarihin gwarzo ɗan gwaraza, hasken idon Kwarin Tsamiya, Malam Haladu Sarkin Hange, ɗan Cindo mai ƙirga haƙoran kura daga tsallaken rafi, ɗan Nomau wanda ya taɓa hango ɓarawon akuya tun ɓarawon yana garinsu yana neman takalminsa, ɗan Jatau Mai-Idon-Shaho, tushen gida, wanda masu ruwaya suka haɗu a kan cewa ya ga jinjirin watan Sallah ta hudar rufin ɗakinsa alhali yana kwance yana fama da masassara. Haladu na Tabawa, dogo mai duban sama, ba ka tuntuɓe sai da dalili! Wannan zuriya ba ta gaji shanu ba, ba ta gaji gona mai faɗi ba. Ido ta gada, kuma da shi take taƙama.

Al'adar Kwarin Tsamiya tun kaka da kakanni ita ce, ranar ashirin da tara ga azumi, idan rana ta yi sanyi, maza su hau dutsen da ke gabas da gari, su sha ruwa a can da dabino, su zuba wa yamma ido ta saman rufin gidaje. Wanda ya fara nuna jinjirin wata da yatsa, shaidu biyu suka tabbatar, sai dagaci ya aika da labari sama inda ake yanke hukunci, shi kuwa mai ganin a sauko da shi dandali a miƙa masa Ƙwaryar Farko, ya sha a tsaye gari na kallo. Fura ce da nono, kuma matar Sarkin Hange ce kaɗai ke dama ta. Akwai kuma hular sarauta, wata tsohuwar jar dara da asu ya cinye rabin tuntunta, wadda ba ta taɓa kwana a wani gida ba sai gidan Jatau.

To, sai zamani ya zo da fitina. Shekara biyu a jere wani tela mai suna Lawwali, gajere marar nasaba, wanda kakansa ko tauraruwa bai taɓa nuna wa kowa ba, ya riga Sarkin Hange ɗaga yatsa. Zura zare a allura ne ya wasa masa ido, kuma ko taƙama ba ya yi, abin da ya fi ƙona wa Haladu rai ke nan. Dagaci ya faɗa a gaban dattawa, cikin ladabi amma ba da wasa ba, cewa in aka yi ta uku, hula za ta bi ido. Matarsa Tabawa ma ta faɗi nata a tsakar gida: hannunta ya gaji da dama wa mijin wata fura.

Gaskiyar da mai rubuta wannan tarihi ba zai ɓoye ba, ko da zuriyar Jatau za ta daina gaishe shi, ita ce idon Malam Haladu ya fara tafiya hutu. An taɓa ganinsa da magariba ya yi wa turmi sallama, har ya tsaya jiran amsa. Da aka tambaye shi sai ya ce da gangan ya yi.

Ana cikin wannan hali sai ga ɗauki daga Kaduna. Ɗansa Nafi'u, wanda ke aiki a can, ya aiko direba da wani dogon kwali, a ciki kuwa madubin hangen nesa ne, baƙi, mai ido ɗaya, mai kaurin taɓarya, irin na masu kallon tsuntsaye. Haladu ya rungume shi ya raɗa masa suna Mai-Tone-Sama. Ya kafa ido ya auna kukar bakin kasuwa, sai ya ga kuka ta taso ta zo har gabansa tana tiƙar rawa, don hannun dattijo mai azumi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Nafi'u ya yi masa bayani ta waya cewa dole sai an ɗora shi a kan sitan, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku na masu hoto.

"Baba, ka duba gindin madubin," in ji shi. "Akwai 'yar ƙafa mai gefe a gangare. In sitan ɗin na zamani ne, ka kwance ɗan abin murɗawa da ke gefe, baki zai buɗe, ka zura ta ka ɗaure. Ba ya buƙatar komai."

Haladu ya ce to, to, Allah ya yi albarka. Amma kunnensa ba ya wurin. Wanda ya koya wa yaro bambanta wata da gajimare ba zai zauna yaron ya koya masa gani ba, balle a lokacin yana can yana hango kansa a dandali, ƙwarya a baki, Lawwali na haɗiyar yawu.

A duk faɗin daular Kwarin Tsamiya mutum ɗaya ne ya mallaki sitan, shi ne Ɗan'asabe mai hoto. Ana gobe hawan dutse ya ara wa Haladu shi, sabo fil, yana sauri zai shiga mota zuwa birni ɗaukar bidiyon rufe tafsiri. Gwarzo ya saɓa shi a kafaɗa ya ratsa gari ta hanya mafi nisa don kowa ya gani. A tsakar gida ya baje ƙafafu uku, ya ɗora Mai-Tone-Sama a kan bakin da ke rufe gam, ya yi bismilla, ya saki. Madubi ya sulale. Haladu ya tare shi da ciki, kuma masu ruwaya sun rubuta wannan a matsayin raunin farko na yaƙin.

Ya kira Ɗan'asabe. Shi kuwa daga cikin mota ya dafe kai har ana jin ƙarar.

"Wayyo, Baba Haladu, filet! Yana nan ɗaure a gindin kyamarata, na taho da shi. Ba filet, ba zama."

Ya bayyana cewa filet wani ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, ana ɗaure shi da sukuru a gindin na'ura, shi ne ke shiga bakin sitan. Ya rantse cewa tun da ya fara ɗaukar hoto bai taɓa ganin abin da ya zauna ba filet ba. Haladu ya karɓi wannan fatawa hannu bibbiyu, domin ta fito daga bakin wanda ba shi ya haifa ba.

A nan ya wajaba alƙalami ya dakata ya yi bayanin ƙabilun filet, don mai karatu ya san girman abokan gabar da gwarzonmu ya tunkara. Ka sani, Allah ya ƙara maka fahimta, cewa maƙeran ƙasashen nesa ba su taɓa zama inuwa ɗaya sun yi shawara ba. Akwai ƙabila mai faɗin kamar milimita talatin da takwas, gefenta a gangare, ana zura ta a matse ta, kuma ita ce bakin sitan ɗin Ɗan'asabe ke karɓa. Akwai ƙabila mai faɗin ƙirji, wadda ake dannawa daga sama wani ɗan harshe ya cafke ta da ƙara. Akwai doguwa ta masu bidiyo, akwai kuma tarkacen 'yan ƙanana marasa asali, waɗanda kowane kamfani ke haifa don kansa shi kaɗai. Sukurun ma gida biyu ne, siriri mai rubu'in inci da kakkaura mai uku bisa takwas. Duk baƙaƙe ne, duk kamarsu ɗaya a ido, kuma babu wadda ke shiga gidan wata ko da da sallama. Malam Haladu bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. A wurinsa ƙarfe ƙarfe ne.

Da gari ya waye, ranar hawan dutse, sadauki ya ci ɗamara, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaure sitan a bayan kekensa Ƙi-Birki, ya goya Mai-Tone-Sama da rawani, ya fita neman filet cikin zafin bazara, baki bushe, zuciya cike da himma. Ya fara kai farmaki gidan wani tsohon safiyo mai awon filaye, wanda ya fito masa da wani sukuru mai kaurin babban yatsa, ko bakin ramin madubin bai leƙa ba. Ya ja da baya cikin tsari, ya afka shagon wata mai ƙunshi da ke ɗaukar hoton hannun amare da waya. Ita ce ta nuna masa yadda ake murɗa abin gefe baki ya buɗe, ta kuma ba shi wani ɗan mitsitsin filet na roba, wanda ya shiga ya yi ta yawo a ciki kamar ƙwayar gyaɗa a kwano. Ya yi mata godiya irin ta manya, wato bai dube ta ba.

Sai da rana ta take tsaka ya isa ga hedimastan firamare, wanda ya tone ɗakin ajiya ya zaƙulo wani filet, ragowar wani shiri da ya zo ya wuce ba a san inda ya nufa ba. Ɗan ƙabilar masu faɗin ƙirji ne, mai nauyi, mai kwarjini. Aka gwada sukurunsa a gindin Mai-Tone-Sama, ya shige sumul. Haladu ya yi kabbara har ɗaliban aji uku suka miƙe tsaye. Aka kawo shi bakin sitan, aka buɗe baki iyakar buɗuwarsa, sai filet ya tsaya a ƙofa, ya fi ta da faɗin da bai wuce 'yan ƙwayoyin gero ba. Ya danna, ya karkata, ya juya shi ta ɗaya gefen. Ya yi masa magana mai daɗi, ya tuna masa ko shi ɗan wane ne, daga baya ya yi masa barazana. Ƙarfe ya yi kunnen uwar shegu da shi.

Nan fa aka garzaya fadar Ɗanbaba maƙeri, Sarkin Wuta, uban fartanyoyi, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ƙasƙantar da kansa ya riƙe abin awo ba. Ɗanbaba ya rufe ido ɗaya, ya dubi filet, ya dubi baki, ya ce ƙaramin aiki ne. Ya ɗauki magagari ya goge gefen dama. Da ya ɗaga sai ya ga dama ta fi hagu ramewa, ya goge hagu don adalci. Hagu ta zarce, ya koma dama. Haka ya yi ta raba adalci tsakanin gefe biyu, yana gumi Haladu na yi masa kirari, har filet ɗin hedimasta ya rame ya koma kamar busasshen kifi. Hakika ya shiga bakin, har da sauran wurin baƙo. Ɗanbaba ya ba da shawara a kai wa mai walda ya liƙe madubi da sitan su zama abu ɗaya har abada, kuma Haladu ya buɗe baki zai amince sai ya tuna kayan aro ne. Aka tsaya a kan sulhu: aka cusa kwalin ashana ta gefe biyu, aka naɗe duka da robar tayar keke.

Ya biya gida ɗaukar jar dara, ya tarar da Tabawa ta tasa ƙwarya a gaba tana dama fura. Ta dube shi, ta dubi abin da ke naɗe da roba, ta tambaye shi ko ya sake kiran Nafi'u. Ya ce mayaƙi ba ya waya ranar yaƙi. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko wani kwano na biyu ta ajiye a gefe.

Ina ma a ce alƙalami na da harshen da zai siffanta hawan da Sarkin Hange ya yi wa dutsen kakanninsa a wannan yammaci! Jar dara a ka, Mai-Tone-Sama a kafaɗa, ƙafafu uku na lilo a bayansa, jama'a na darewa suna ba shi hanya, rabi don girmamawa rabi don kada ƙarfe ya tsokane musu ido. Ya kafa sitan a daidai inda aka ce Jatau ke tsayawa. Lawwali na can gefe a rakuɓe, hannu a aljihu, da guntun zare maƙale a rigarsa. Rana ta faɗi, ladan ya kira salla daga ƙasa, aka sha ruwa, aka yi magariba a gaggauce a kan dutse, sannan aka juya aka fuskanci jan shafaƙi.

Haladu ya ɗaga bakin madubi sama, ya kafa ido. Mai-Tone-Sama ya tsaya na ɗan lokaci, sannan a hankali ya sunkuyar da kai irin na dattijon da gyangyaɗi ya kama a wurin tafsiri. Gwarzo ya ɗaga shi, ya ƙara murɗa abin gefe. Kwalin ashana na dama ya fice. Madubi ya juya ya dubi kudu, inda babu komai sai kunnen wani dattijo. Haladu ya jawo shi, roba ta tsinke ta tsula masa bulala a kumatu.

"Tsaya, ya kai ƙarfe!" in ji shi. "Jikan Jatau ke magana!"

Ƙarfe bai san Jatau ba. Sadauki ya durƙusa, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin madubi, ya riƙe ƙafa ɗaya da gwiwa, ya ciji ragowar roba da haƙori, yana laluben kwalin ashana a ƙasa da hannun hagu, ƙeyarsa na kallon sama, hancinsa na kallon tururuwa. A cikin wannan matsayi na ɗaukaka yake lokacin da ya ji wata ƙaramar murya, marar ko ɗigon alfahari, ta ce:

"Ga shi can, saman giginya."

Shaida na farko ya ce ya gani. Na biyu ya ce ya gani. Kafin ka ce kwabo dutse duka ya gani, har da dattijon da aka auna wa kunne. Haladu ya saki roba ya miƙe, ya bi yatsun mutane da idon da ya gada, ya ware shi iyakar warewa. Bai ga komai ba sai ja-ja mai hazo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don a nan ne ya san ba ƙarfe kaɗai ya ci shi da yaƙi ba.

Dagaci ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam Haladu, sai haƙuri." Haladu ya cire jar dara da hannunsa ya miƙa, kada a ce an cire masa. Aka buga bindiga, jama'a suka ɗunguma suka gangara da Lawwali a tsakiya, aka bar gwarzo shi kaɗai a fagen fama da gawar roba da kwalin ashana.

Haushi ya taso masa. Ya zaro makullin keke ya kwance sukurun ramammen filet daga gindin Mai-Tone-Sama, ya yi jifa da shi iyakar ƙarfinsa, ya ji ya faɗi nan kusa da ƙafarsa. Garin jifa mazagin wandonsa ya kwance. Ya rasa inda zai ajiye madubi ya ɗaure, sai ya ɗan jingina shi a kan bakin sitan, wanda yaƙi ya bari a buɗe. 'Yar ƙafar nan mai gefe a gangare ta sulale ta shige ciki, ta zauna daram kamar a nan aka haife ta.

Haladu ya tsaya, hannu ɗaya riƙe da wando. Ya murɗa abin gefe. Ya girgiza madubi, bai motsa ba. Ya ture shi, bai motsa ba. Sai muryar Nafi'u ta dawo masa kalma bayan kalma, har da "ba ya buƙatar komai", ya waiga dama da hagu ya gode wa Allah da babu kowa a wurin.

Ya auna saman giginya da sauri. Giginya ta zo gabansa tsaf, ba rawa ba kaɗawa, har ya ga wani jemage na miƙa. Amma jinjirin wata ba ya jiran mai ɗaurin wando, ya riga ya shige. Ya saukar da bakin madubi a hankali, sai ga dandali a ƙarƙashin fitilar sola, kusa da shi kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Rabonsa da gani haka tun yana saurayi. Ya ga Lawwali a tsaye, jar dara ta nutse masa har kunnuwa, Ƙwaryar Farko a baki. Ya ga maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Ya ga ɗigon nono a gemunsa, ya ga guntun zaren rigarsa, kore ne ashe. Ya ga tela ya dakata yana tauna wani abu, ya daure ya haɗiye. Duk tarihin gidan Jatau babu wanda ya taɓa ganin faɗuwarsa dalla-dalla irin haka. Can bayan taron mata kuma ya ga Tabawa, ita kaɗai ce ba ta kallon mai shan fura. Dutse take kallo, da kwano a rufe a hannunta.

Ya naɗe ƙafafu uku ya sauko, kai ba hula, yana tuntuɓe ba dalili. Ya same ta a gindin dutse tana jira.

"Malam, ka gani?" in ji ta.

"Na gani sarai," in ji gwarzo, yana gyara murya. "Ba wata asara na yi ba. Furar ma ba ta damu ba, duk gudaji ce. Da idona na ga yana tauna."

"Ai da gangan na bar su," in ji Tabawa. "Tun da na ga robar keke na san ba kai za ka sha ba."

Ta buɗe kwanon ta miƙa masa. Wannan kam ta damu lilis, har da zuma. Kuma masu ruwaya sun haɗu a kan cewa Malam Haladu ɗan Cindo ɗan Nomau ɗan Jatau Mai-Idon-Shaho ya sha ta a zaune, a kan wani dutse, babu mai kallo sai matarsa da sitan ɗin aro. Da ya kai rabi ya ɗago ya ce kada ta faɗa wa Nafi'u. Ta ce ai ta riga ta kira shi.